Dogayen Benayen Niyu Yok da Rigimar Inuwa

Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji da hotuna biyu na birnin Niyu Yok ta ƙasar Amurka. A na farko, abin da ya fi kome tsawo shi ne hasumiyar majami'ar Trinity, wadda aka gama a 1846. A na biyu kuwa, sai da muka yi ta lalube kafin mu gano ta, ta maƙale a gindin manyan benaye kamar ɗan tsako a tsakiyar raƙuma. Malam ya ce mu je mu binciko abin da ya faru tsakanin hotunan nan. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga abin da na samo.

Cibiyar birnin wani tsibiri ne mai suna Manhatan. Ruwa ya kewaye shi, ba wurin faɗaɗawa, ga 'yan kasuwa kowa yana son ofishinsa kusa da na saura. Da fili ya yi tsada, sai aka ɗaga kai sama. Amma abu biyu suka tare hanya. Na ɗaya, wa zai taka matakala hawa goma kullum da safe? Wani mutum wai shi Elisha Otis ya yi maganin wannan a 1854, sa'ad da ya hau lif a gaban jama'a, ya sa aka datse igiyar, birkin da ya ƙago ya riƙe shi bai faɗo ba. Na biyu, nauyi. Duk wanda ya taɓa ganin maginanmu suna ta da soro ya san gindin bango ya fi samansa kauri, domin shi ke ɗauke da kome. Haka abin yake ga bulo da dutse. A birnin Shikago akwai wani bene mai hawa 16 wanda kaurin bangonsa a ƙasa ƙafa shida ne! A can Shikago ɗin ne, a 1885, aka nuna cewa in an yi wa gini ƙashi na ƙarfe, shi zai ɗauki nauyin, bango ya zama riga kawai.

Daga nan fa sai kowa ya shiga tsere, har aka zo kan abin da ya fi ba ni mamaki. A 1915 aka gama wani bene mai suna Equitable, kusan hawa 40, ya miƙe sak tun daga bakin titi har sama. Inuwarsa ta rufe tituna da ofisoshin maƙwabta, tagoginsu suka daina ganin rana. Mu nan inuwa muke nema, har mu gode wa wanda ya shuka bishiya. Su kuwa ƙasarsu ta sanyi ce, wanda ya tare maka rana ya cuce ka, kuma ofishin da ba haske ba ya yin kuɗin haya. A 1916 hukumar birnin ta kafa doka: in gini ya kai wani tsawo, tilas ya ja da baya daga titi, in ya ƙara hawa ya ƙara ja. Ba a hana shi tsawo ba, amma hasumiyar da za ta wuce ba za ta ci fiye da rubu'in filin ba. Shi ya sa tsofaffin benayen birnin suke kama da matakala. Da, na ɗauka ado ne, ashe doka ce.

Dokar ba ta kashe gasa ba. A 1929 masu ginin Chrysler suka harhaɗa tsinin ƙarfe a ɓoye cikin ginin, sai da abokin gasarsu na titin Wall ya zaci ya ci, sa'an nan suka turo shi sama, tsawon ya kai mita 319. Murnarsu ba ta shekara ba. A 1931 aka buɗe Empire State mai hawa 102, mita 381, wanda aka gina cikin shekara ɗaya da 'yan makonni. Sai dai ya tarar tattalin arziki ya karye, ofisoshinsa da yawa suka daɗe ba kowa. Ya riƙe kambun duniya kusan shekara 40, har Tagwayen Benaye suka wuce shi. Su ne aka rushe a harin 11 ga Satumba 2001, mutane kusan dubu uku suka hallaka. Wanda aka gina kusa da gurbinsu, aka buɗe a 2014, mita 541 ne.

Maganar inuwa kuwa ba ta mutu ba. A 1987 ɗaruruwan mutane suka jeru a lambun shaƙatawa na Central Park, kowa ya buɗe baƙar laima, don nuna inda inuwar wani bene da ake shirin ginawa za ta kai. Wannan shirin bai tabbata yadda aka so ba. Amma dokar birnin ta yarda mai fili ya sayi hakkin hawan da maƙwabcinsa bai yi amfani da shi ba, ya ɗora a kan nasa. Watau ana cinikin sarari kamar gona. Da haka aka ta da sirara-siraran benaye na attajirai a kudancin lambun, ɗaya har mita 472. In hunturu ya yi, rana ta karkata, inuwarsu takan miƙe a kan ciyawar da yara ke wasa.