GASKIYA MAI ƊACI DA ZUCIYA MAI TAWALI'U

Masu iya magana sun ce gaskiya ɗaci gare ta. Kowannenmu yakan ji daɗi in an faɗa wa maƙwabcinsa gaskiya, amma in aka juyo kansa sai fuska ta murtuke. Tambayar darasinmu na wannan mako ita ce: idan aka nuna mini laifina, yaya nake karɓar maganar? Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin sarakunan Isra'ila biyu. Dukansu sun yi zunubi, dukansu kuma Allah ya aika musu da annabi. Abin da ya raba ƙarshensu shi ne yadda kowa ya karɓi tsautawa.

Saul ya kare kansa

A cikin 1 Sama'ila sura 15, Ubangiji ya umarci Sarki Saul ya hallaka Amalekawa da dukan mallakarsu. Saul ya ci yaƙi, amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya kuma ware tumaki da shanu mafi kyau. Da annabi Sama'ila ya zo, Saul ya tarye shi da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Annabi ya tambaye shi kukan dabbobin da yake ji. Nan Saul ya ɗora wa jama'a laifin, ya ƙara da cewa don hadaya aka kawo su. Sai da aka matsa masa ya amsa cewa ya yi zunubi, amma nan take ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Ya fara da musu, ya koma ga ɗora wa wasu, ya ƙare da tuban da mutuncinsa kaɗai ya dama. Mulki kuwa ya fita daga gidansa.

Dawuda ya sunkuyar da kai

A idon mutane laifin Dawuda ya fi muni. Ya ɗauki Bat-sheba matar Uriya, sa'an nan ya sa aka tura mijinta inda yaƙi ya fi zafi domin ya mutu (2 Sama'ila 11). Annabi Natan ya zo masa da labarin wani attajiri mai garkuna da yawa, wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani! Sai Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa hukunci. Dawuda yana da ikon ya sa a kashe annabin, kamar yadda ya yi da Uriya. Bai yi haka ba, bai kuma kawo dalili ko ɗaya ba. Ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, Allah kuwa ya gafarta masa. Wahala ba ta bar gidansa ba, gama jaririn ya mutu, 'ya'yansa kuma suka tayar wa juna da takobi. Duk da haka alkawarin Allah ya tsaya a kan zuriyarsa, daga cikinta aka haifi Mai Cetonmu. Zabura 51, wadda Ikilisiya take yawan addu'a da ita a lokacin Azumi, an danganta ta da wannan tuba.

Manya ma suna bukatar gyara

A Antakiya, Manzo Bitrus yana cin abinci tare da masu bi daga cikin al'ummai, amma da waɗansu suka zo daga Urushalima sai ya janye don tsoronsu. Manzo Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Wannan bai rushe shugabancin Bitrus ba. Har yau Ikilisiya tana bikin su biyun a rana ɗaya, 29 ga Yuni.

A shekara ta 390, bayan wata tarzoma a birnin Tasalonika inda aka kashe shugaban sojoji, mayaƙan Sarkin Rum Teodosiyus suka karkashe dubban mutane. Waliyi Ambrose, Bishop na Milan, ya rubuta wa sarkin wasiƙa a asirce, ya tuna masa da tuban Dawuda, ya kuma sanar da shi ba zai miƙa hadayar Misa a gabansa ba sai ya tuba. Sarkin da yake mulkin daula guda ya ƙasƙantar da kansa, ya yi tuba a gaban jama'a, kafin aka sake karɓarsa ga Jibi Mai Tsarki.

Mu fa?

Allah bai daina aiko da Natan ba. Wani lokaci ta bakin Fada yake magana a wa'azi, wani lokaci ta bakin katakis, ko mata, ko miji, ko ma yaron da muka haifa. Sau nawa mutum yakan daina zuwa Misa domin wa'azi ya taɓa shan giyarsa? Sau nawa 'yar zumunta takan bar Zumuntar Mata domin an tambaye ta lissafin kuɗi? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan an tsauta maka, kada ka yi hanzarin amsawa. Kai maganar gaban Allah cikin addu'a, ka tambayi kanka ko gaskiya ce, ko da wanda ya faɗe ta ƙarami ne, ko bai iya lafazi ba. In gaskiya ce, ka amsa ba tare da "amma" ba, ka je wurin Fada ka yi ikirari, ka mayar da abin da ka ci na wani. In ba gaskiya ba ce, ka bayyana cikin natsuwa, kada ka riƙe mutumin a zuciya. Kai kuma mai tsautawa, ka bi hanyar da Ubangijinmu ya koyar a Matiyu 18:15-17: ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai maganar gaban Ikilisiya. Manufa ita ce a maido da ɗan'uwa, ba a tona masa asiri ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Saul da Dawuda duka sun ce sun yi zunubi. Mene ne bambancin tubansu?
2. Wa ya faɗa mini gaskiya mai ɗaci wanda har yanzu nake fushi da shi?
3. Akwai wanda nake ganin yana ɓata, amma na yi shiru don tsoro?

Mu yi addu'a: Ya Allah Ubanmu, ka ba mu kunnen jin tsautawa da zuciyar tuba, ka kuma sa wa waɗanda suke faɗa mana gaskiya albarka. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.