Gwajin Ƙasar Shuka a Tukunya

A Ingila masu lambu sun daɗe suna cika tukwanen shuka da "fit", wato ruɓaɓɓun tsirrai da ake haƙowa daga fadamu. Sai dai kaurinsa kan ƙaru da kimanin milimita 1 kacal a shekara, haƙarsa kuma tana sakin iskar kabon, shi ya sa ake neman madadinsa.

Mai rainon tumatir cikin leda ko gwangwani a Bebeji ko Ƙiru ba ya bukatarsa. Buntun shinkafar Tudun Wada, da ruɓaɓɓen takin shanu, da ƙasar jigawa sun wadatar, muddin an gwada haɗin.

Da farko a jiƙa shi, a dunƙule a hannu. Idan ya cure kamar laka, saiwa za ta rasa iska, sai a ƙara buntu. Idan ya watse nan take, ba zai riƙe ruwa ba, sai a ƙara taki.

Gwajin da ya fi tona asiri shi ne na tsiro. Ɗalibai su shuka wake 10 cikin haɗin, 10 cikin ƙasa zalla. Idan bayan mako guda na haɗin sun ƙi tsirowa, ko bakin ganyensu ya ƙone, takin bai gama ruɓewa ba. A Doguwa kuwa, inda damina ke da ƙarfi, wajibi ne a huda gindin tukunyar sosai.