Ziyarar Ƙarshen Mako zuwa Tafkin Madarumfa

Nijar ba ta da teku, kuma Kwatano ko Legas sun fi ƙarfin tafiyar kwana biyu. Ga mutumin Gangara, gaɓar ruwa mafi kusa da ta cancanci ziyara ita ce Tafkin Madarumfa, kudu da Maraɗi, wanda kaburburan waliyyai 99 suka sa ya yi suna.

Lokacin sanyi ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa bai janye ba, tsuntsayen ƙaura sun sauka. Mai tasowa daga Gangara ya fito Gazawa ko Agye, ya bi babbar hanya ta Cadawa ya kwana Maraɗi, ya yi sammako, katin shaidarsa a aljihu. Yankin na kusa da iyaka, don haka a tambayi direbobin tasha halin tsaro, a kuma juyo kafin la'asar sakaliya.

Babban kuskure shi ne barin yara su yi wanka. Ruwan kwance na ɗauke da tsargiya, mai shiga ta fata, sai daga baya a ga jini a fitsari. A tafi da ruwan sha. Kwalekwale kuwa, kada a shiga wanda aka cika maƙil, ko masunci ya ce ba komai.