Hukuncin Rarar Kuɗin Baitulmali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, darasin wannan mako yana kan kuɗin da Gwamnati takan ware wa ma'aikatu da hukumomi, shekara ta ƙare ba su kashe su ba. A Nijeriya shekarar kuɗi takan ƙare ne ran 31 ga Maris, sai daga 1981 aka mai da ita Janairu zuwa Disamba. Ka'idar aiki ita ce, in shekarar ta ƙare, izinin kashewa ya faɗi, abin da ya rage sai a mayar da shi baitulmali. Don ƙarfafa wannan ne a 2015 Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Kaduna suka tattara kuɗaɗensu cikin asusu guda a Babban Banki.

Malamai sun daɗe da tattauna mas'alar. Imam Mawardi, wanda ya rasu shekara ta 450 bayan Hijira, ya kawo saɓani biyu cikin Ahkamus Sulɗaniyya. Abu Hanifa yana ganin a adana rarar domin abin da ka iya auko wa Musulmi. Shafi'i kuwa yana ganin a ciyar da ita ga abin da zai amfani jama'a, kada a taskace. Amma babu ko ɗayansu da ya halatta wa ma'aikaci ƙwandala daga ciki. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita, aya ta 161 ta Ali Imrana kuma ta yi gargaɗi ga mai ha'inci.

Ana saɓa wa wannan ta hanyoyi uku. Ta farko, a raba rarar tsakanin ma'aikata. A 2008 ministoci biyu na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya sun yi murabus bisa zargin an raba Naira miliyan 300 na ragowar kasafin 2007, bayan Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ce a mayar. Ta biyu, a yi ta sayen abin da ba a bukata cikin Disamba don tsoron kada a rage kason baɗi. Wannan almubazzaranci ne. Ta uku ita ce ta fi ɓoyuwa: a zauna a kan kuɗin har wa'adi ya wuce saboda kasala, sannan a mayar, a riƙa tinƙaho da riƙon amana.

Mutanen Gwaska a ƙasar Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40 cikin Mayun 2018, sun san abin da hanya mai kyau da ɗakin shan magani suke nufi a bakin daji. Kuɗin da aka ware wa irin waɗannan ayyuka haƙƙin masu bukata ne, jinkirta shi ba da uzuri ba zalunci ne, ko da ba a ci ko kwabo ba.

Saboda haka wajibin ma'aikaci biyu ne: ya zartar da aiki a kan lokacinsa, ya kuma mayar da abin da ya rage cif. Wanda ya cika ɗaya ya bar ɗaya, da sauransa. Allah Shi ne mafi sani.