Ma'anar Ɗaukar Ma'aikata da Wuraren da Ake Amfani da Ita

Kalmar Ingilishi ta recruitment tana yawan fitowa cikin sanarwar gwamnati da tallan guraben aiki. Hausa ba ta da kalma guda da ta ƙunshe ta duka, domin ma'anarta tana bin wurin da aka ambace ta ne. Sanin wannan bambanci yakan tsare mai neman aiki daga asarar dukiya, wani lokaci ma har ta 'yancinsa.

1. A aikin gwamnati

A nan ana cewa "ɗaukar ma'aikata", watau cike gurbi da mutumin da ba ya cikin aikin tun da fari. Ƙarin girma da canjin wurin aiki ba su shiga ciki ba. Matakan albashi na 1 zuwa 17 sun samo asali ne daga rahoton Kwamitin Udoji na 1974. Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ita ke ɗaukar manyan ma'aikata, daga mataki na 7 zuwa sama, ma'aikatu kuwa an ba su iznin ɗaukar ƙanana. Sabon ma'aikaci yakan yi shekara 2 ta gwaji kafin a tabbatar da shi. Tsarin Mulkin 1979 ya shimfiɗa ƙa'idar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, a 1996 kuma aka kafa hukuma ta musamman domin lura da ita.

2. A aikin ɗamara

Soja da 'yan sanda sukan ce "ɗibar kurata". Kalmar "kurtu" ita kanta aro ce daga recruit na Ingilishi, ta zauna a bakin Bahaushe har ta sami jam'i. Kurtu shi ne sabon shiga mai karɓar horo, kamar waɗanda ake horarwa a makarantar kuratan soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1924. Masu neman zama hafsoshi hanyarsu dabam ce: Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964.

3. A hannun 'yan kasuwa

Akwai dillalan da ke samo wa kamfanoni ma'aikata. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta musu mallakar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago. Wanda kuwa ya ɗebi mutane da yaudara ko tilas domin a bautar da su, a gida ko a ƙetare, dokar 2015 ta lasafta aikinsa cikin fataucin mutane, kuma hukumar NAPTIP ce ke farautarsa.

Abin lura

Saboda haka, kafin ɗan ƙasa ya miƙa takardunsa, ya kamata ya binciki abu uku: wace hukuma ce ke ɗauka, a ina aka buga sanarwar, kuma idan dillali ne, ina lasisinsa. Gurbin aikin gwamnati ba haja ba ne. Duk wanda ya nemi kuɗi da alkawarin samo takardar kama aiki macuci ne, sai a kai rahotonsa ga 'yan sanda. Mai bayarwa ma doka ba ta wanke shi ba.