Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Tsohuwar Motar MGB a Gida

Malam Sani, mazaunin Birmingham a Ingila, ya rubuto mana cewa ya sayi tsohuwar mota ƙirar MGB, yana so ya farfaɗo da ita a garejin gidansa. Ta ina zai fara?

To Malam Sani, mun gode. Ka fara da tsatsa. Tsatsa, Malam, kafin inji, kafin fenti. An ƙera MGB ne a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, kuma gangar jikinta ce ke ɗauke da nauyinta gaba ɗaya. Don haka leƙa ƙarƙashin ƙofofi, ka ƙwanƙwasa ƙarfen wurin. In ya ruɓe, ka nemi gwanin walda. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. In ɓarnar ta yi yawa, kamfanin British Motor Heritage yana ƙera sabuwar gangar jiki, sai dai akwai tsada.

Injin kuwa ba ya da wuyar sha'ani, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu a Ingila. Kafireta biyu gare shi, sai an daidaita su tare.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa da waya. Kuma kada ka hau titi sai ka sabunta birki.