Sifirin da Mai: Kimiyyar da Ke Cikin Ƙafafun Gaban Babur

Duk wanda ya san Amarawa, kusa da Illela a Jihar Sakkwato, ya san yadda 'yan kabu-kabu ke zirga-zirga da mutane da kaya zuwa Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Abin da ke shanye gargadar hanya shi ne ƙafafun nan biyu masu riƙe da tayar gaba, waɗanda makanikai ke kira shokazoba.

Kowace ƙafa bututu biyu ce, siriri yana shiga cikin kakkaura, a ciki kuwa akwai sifirin da mai. A shekarar 1678 ne Robert Hooke, masanin ƙasar Ingila, ya bayyana cewa matsuwar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. Wato idan kilo 10 ya matsa shi santimita 1, kilo 20 zai matsa shi santimita 2. To amma sifirin ajiye ƙarfi yake yi, ya kuma mayar da shi. Da shi kaɗai ne, da babur ya yi ta tsalle bayan kowane rami. A nan ne aikin mai yake. Idan bututun ya nutse, sai man ya kutsa ta wasu 'yan ƙananan kafofi da ƙyar, ƙarfin bugun ya rikiɗe ya zama zafi, tsallen ya mutu. Kamfanin BMW na Jamus ya fitar da babur mai irin wannan tsari tun 1935.

Babban abokin gabar wannan tsari a ƙasar Sakkwato shi ne ƙurar hunturu. Takan manne wa bututun, ta riƙa cin robar da ke tare mai. Tsatsa kuma takan ɓula rufin ƙarfen mai ƙyalli, bakin kowane ɗan rami ya zama tamkar reza. Da zarar roba ta yage sai mai ya tsiyaye, har ma yana iya kaiwa ga birki. Babur mai irin wannan ciwo yakan dunguri ƙasa idan an taka birki, tayarsa kuma ba ta kama hanya sosai.

Ana iya gyaran a gida. A ɗaga gaban babur, a cire taya, a kwance murfin sama a hankali, domin sifirin na tura shi da ƙarfi. A zubar da tsohon mai, a wanke kayan da kananzir. Sannan a mirgina siririn bututun a kan gilashi. Idan yana ɗingishi, to ya lanƙwashe, gara a sake shi da a buga masa guduma.

Gogewa ita ce ke son haƙuri. A jiƙa samfefa mafi laushi da mai, a goge bakin ramukan tsatsar kaɗai, har farce ya wuce bai maƙale ba. Masu cuɗa shi da yashi don ya yi ƙyalli ɓarna suke yi, domin kowane ƙarzo hanya ce ta yoyo. A sa sabuwar roba, a zuba man shokazoba gwargwadon yadda kamfani ya ƙayyade, a auna da sirinji don ƙafafun biyu su zo daidai. A kula da kaurin man, saboda a watan Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, mai kuwa tsinkewa yake yi idan ya ji zafi.